Tun Ran Gini Ran Zane: Sake Masai A Cikin Gida

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

An shirya wannan darasi dominku, gama ku ne talakawa su ke fara kawo wa kuka sa'ad da aiki ya ɓaci tsakanin maƙwabta. Maganar masai magana ce da mutane su ke jin nauyin yinta a gaban manya, sabo da haka ba ta isowa zauren Hakimi sai ta riga ta yi wari. Nufinmu shi ne a san abubuwan da ya kamata mai gida ya duba tun bai ba da kuɗinsa ba, tun kuma magini bai kwaɓa siminti ba.

1. Dalilin wannan darasi

Ƙofar 'Yandaka tana yammacin ganuwar Katsina, daga nan hanyar Batsari ta miƙa. Ta cikinta ne Gwamna Lugga ya shiga birni a 1903. Wanda ya tsaya a bakinta yau zai ga gidaje iri biyu. Ta ciki akwai gidajen gado, da lunguna matsattsu, katanga tana jingine da katanga, rijiyar wannan tana bayan makewayin wancan. Ta waje kuwa akwai sababbin unguwanni na bulo da siminti, waɗanda su ka yawaita tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987. A duka biyun mutane suna ta sake masai. Wani tsufa ya kama mahaifinsa, gwiwa ta ƙi tsuguno. Wani zai yi amarya. Wani zai sa 'yan haya. Wani kuwa salgarsa ce ta cika. Ga kuma kiran Gwamnatin Tarayya, wadda ta kafa doka a watan Nuwamba 2019, domin a daina bayan gida a fili.

Ga abin da ya faru a wani gida da ke cikin lungu, ba nisa da ƙofar. 'Ya'yan wani dattijo su ka haɗa kuɗi su ka sayo masa masai na zama, farin tangaran, domin ya huta da tsuguno. Ba wanda ya auna kome kafin a tafi kasuwa. Da aka kawo, sai aka tarar bakinsa yana duban bango, alhali kuwa bututun gidan ta ƙasa ya ɓullo. Mai kanti ya ce kayan da ya fita ba ya komowa. Magini ya ce a bar masa, ya san dabara. Ya lanƙwasa roba, ya cusa tsumma, ya shafe da siminti, ya zura bututun cikin tsohuwar salga. Wata biyu ba a ji kome ba. Da ruwan Agusta ya sauka, salga ta tumbatsa, gindin katanga ya jiƙe ya tsage, maƙwabci kuma ya zo ya ce ruwan rijiyarsa ya sake ɗanɗano. Magana ta kai ga Mai Unguwa. Mutanen nan biyu shekara da shekaru suna sahu ɗaya a masallaci, amma sai da aka yi wata ba su gaisa ba. A ƙarshe aka fasa daɓen, aka sayi wani masai, aka haƙa sabon rami, aka yashe rijiya. Awon da zai hana wannan duka bai fi aikin minti goma ba.

2. Iri-irin masai

Masai iri uku ne a garuruwanmu. Na farko salga, watau rami da murfi, ba ruwan kora. Na biyu masai na tsuguno, kaskon tangaran ko na roba da a ke binnewa daidai da daɓe, a kora da buta ko bokiti. Na uku masai na zama, mai tankin ruwa a bayansa. Kowanne da irin ramin da ya ke bukata da irin bututun da ya dace da shi. Wanda ya ɗauke ɗaya ya ɗora wani a gurbinsa ba tare da ya sake abin da ke ƙarƙashi ba, ya ɗaura wa jaki sirdin doki.

Abin da ya raba na biyu da na uku da salga shi ne wata lanƙwasa da ke ƙarƙashin kasko, wadda za mu kira wuya. Kullum ruwa ya kan kwanta a cikin wuyan nan, ya toshe hanya, ya hana wari da ƙuda da kyankyaso hawowa daga rami. Wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775, har yau kuwa ita a ke bi. A masai na zama zurfin ruwan nan kamar inci 2 ne. A na tsuguno da a ke kora da buta bai kai inci ɗaya ba, don haka ne ruwa kaɗan ya ke isarsa. In ka ji masai na tangaran yana wari, to, ruwan wuya ya tsiyaye, ko kuwa mahaɗin kasko da bututu bai kama ba.

3. Awo na farko: ina bututu ya ɓullo?

Mai gida ya shiga makewayi ya duba bayan masan da ke nan. In bututun ƙazanta ya nutse cikin daɓe, gidan mai mafitar ƙasa ne. In ya ratsa bango ya fita waje, mai mafitar bango ne. Masu sayarwa su kan bambanta su da haruffan boko: S ga na ƙasa, P ga na bango, sabo da kamannin lanƙwasar kowanne. Lalle ne mai saye ya faɗi harafin da bakinsa, ya kuma kifa kaskon ya duba da idonsa kafin a ɗora a mota.

Sa'an nan a auna faɗin bututun. Bututun masai inci 4 ne, watau kamar santimita 10 zuwa 11. A waɗansu gidaje a kan tarar an sa mai inci 2 ko 3, domin da can ruwan wanka kaɗai ya ke bi. Irin wannan ba ya ɗaukar ƙazanta, ko me magini ya faɗa. A tone shi a sa babba.

4. Awo na biyu: daga bango zuwa tsakiyar rami

Wannan shi ne awon da ya fi jawo hasara. In mafitar ƙasa ce, a auna daga bangon baya zuwa tsakiyar bakin bututu. A lura, tsakiya mu ka ce, ba gefe ba. Masan da a ke kawowa kasuwanninmu ba awo ɗaya aka yi musu ba. Mafi yawa inci 12 ne, watau santimita 30. Akwai na inci 10, akwai kuma na inci 16, watau santimita 40. In ramin gida yana inci 10 aka sayo kasko na inci 16, tankin zai tokari bango tun bakinsa bai kai ga rami ba, ba kuwa yadda za a yi ya zauna. In ramin yana inci 16 aka sayo na inci 12, zai zauna, amma zai bar sarari na inci 4 a baya, tanki ba majingina, ƙazanta kuma ta sami wurin taruwa.

In mafitar bango ce, a auna daga daɓe zuwa tsakiyar bakin bututu. Galibi inci 7 ne, watau santimita 18, ko kusa da haka. Bakin kasko ya yi daidai da bututu, ko ya ɗan fi shi tsayi kaɗan. In bututun ne ya fi tsayi, ƙazanta za ta riƙa komowa, gama ruwa ba ya hawan tudu.

Akwai wani abu da a kan manta. Awo daga gamammen bango a ke yinsa, da gamammen daɓe. In za a yi sabon shafe a liƙa tayil, bango zai ƙaru da kamar inci ɗaya, daɓe kuma zai tashi. Wanda ya auna a kan tsiraran bulo, ya sayo kasko, sa'an nan mai tayil ya zo, zai tarar awonsa ya ragu. Ana sayar da mahaɗi mai karkata wanda ya kan gyara kuskuren inci ɗaya ko biyu. Abin da ya wuce haka, a fasa daɓe a matsar da bututu. Roba mai lanƙwasa da a ke ja kamar zugazugi tana da sauƙin sawa, amma ƙazanta ta kan maƙale a cikin ninkinta, ba a so a dogara da ita sai a kan tilas.

Shawara mai sauƙi ita ce a yanki kara ko sanda daidai da awon, a tafi da shi kanti, a gwada a jikin kaskon. Wanda bai iya karatun tef ba ya iya riƙon kara.

5. Faɗin ɗaki, ƙofa da alƙibla

Makewayin da ya ishi mai tsuguno ba lalle ne ya ishi mai zama ba. Masai na zama tare da tankinsa ya kan ci fiye da ƙafa 2 daga bango. Ana so a bar kamar ƙafa 2 a gabansa domin gwiwa, a kuma bar inci 15 daga tsakiyarsa zuwa bangon kowane gefe. A buɗe ƙyaure har ƙarshe a ga ko zai bugi kasko. In domin tsoho ko maras lafiya a ke aikin, gara ƙyauren ya buɗe ta waje, domin in ya faɗi a ciki a iya isa gare shi. A kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Famfon cika buta kuma ya kasance ta hannun dama, daɓe ya gangara zuwa wata 'yar mafita tata dabam, domin ruwan tsarki kada ya kwanta.

Game da alƙibla, daga Katsina tana gabas, ta ɗan karkata arewa. Malaman mazhabar Malikiyya sun sauƙaƙa fuskantarta ko ba ta baya ga wanda ke cikin gini, amma masu gida da yawa ransu ba ya kwanciya da haka, sun fi so mai zama ya dubi kudu ko arewa. Wannan magana ce da za a yanke tun kafin a binne bututu. Sau da yawa sai an gama aiki dattijon gida ya leƙa ya ce a juya. Juya kasko kuwa juya awo ne, gama bangon da ke gefe shi ya koma baya, nisansa da rami kuma dabam ne.

6. Daga tsuguno zuwa zama, da daga zama zuwa tsuguno

Masai na tsuguno wuyansa dabam ya ke, binne a ƙarƙashin daɓe. Na zama kuwa da wuyansa a jikinsa aka gasa shi. In aka cire kaskon tsuguno aka bar tsohon wuya a ƙasa, aka ɗora na zama a kai, wuya ya zama biyu. Iska ta kan kulle tsakaninsu, ruwa ya riƙa tafiya da ƙyar, masai ya riƙa toshewa ba a san dalili ba. Lalle ne a tone tsohon wuya a fitar. Ramin na tsuguno kuma ba safai ya ke faɗawa daidai inda na zama ya ke so ba, sabo da haka a auna, kada a ɗauka gurbi ɗaya ne.

Wanda zai koma tsuguno daga zama, zurfi ya ke bukata, gama kasko da wuyansa su kan ci ƙafa ɗaya ko fiye a ƙarƙashin daɓe. A ƙasa ana iya haƙawa. A kan bene ba a haƙa dakin kankare, sai dai a gina dandamali a ɗaga wurin taki ɗaya ko biyu. Kada a yarda magini ya yanke rodin bene domin ya sami wurin wuya.

Haɗari mafi girma shi ne ɗora tangaran a kan bakin tsohuwar salga. Salgar gargajiya da azara da ƙasa a ke rufe ta. Azara ta kan ruɓe a hankali ba a gani, ga nauyin kasko da siminti, ga ruwan kora kullum yana jiƙa ta. Ranar da za ta karye, da mutum a kai za ta karye. In ana so a gyara salga ba tare da an sake rami ba, a zuba mata murfin kankare mai rodi wanda ya hau kan ƙasa mai ƙarfi ta kowane gefe. A sa mata dogon bututun iska da ya wuce rufi, a ɗaure bakinsa da ragar waya, irin dabarar da Peter Morgan ya fito da ita a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970. Akwai kuma ƙaramin kaskon roba mai suna SATO, mai murfi a ƙasa da ke rufe kansa, wanda ruwa kaɗan ya ke isarsa.

7. Gangara

Bututun da ya tashi daga masai zuwa rami lalle ne ya gangara, gangarar kuma da awonta. Ga bututu mai inci 4, ƙa'idar magina ita ce ɗaya cikin 40. Watau in tsawonsa ƙafa 10 ne, ƙarshensa ya fi farkonsa ƙasa da inci 3. In ƙafa 20 ne, inci 6. In ƙafa 40 ne, ƙafa ɗaya. In gangara ta gaza, ƙazanta ta kwanta a hanya. Wannan lissafi a yi shi tun ba a haƙa rami ba, domin shi zai nuna zurfin da bututu zai shiga. Wanda ya matsar da masai daga ƙuryar gida zuwa ɗakin kwana ya ƙara wa bututu tsawo, ya kuma ƙara masa bukatar gangara.

Bututu ya tafi a miƙe iyakar iyawa. Duk inda ya karya kwana, ko inda biyu su ka haɗu, a gina ɗan akwatin dubawa mai murfi, domin in ya toshe a zura sanda ta nan maimakon a fasa tsakar gida. A shimfiɗa shi a kan yashi, kada a kan duwatsu. Inda ya ratsa katangar ƙasa a kewaye shi da bulo da siminti, gama ɗigo kaɗan kullum ya isa ya cinye gindin tubali. A ta da bututun iska guda daga layin ya wuce indararo, domin iskar rami ta sami hanya ta sama, kada ta tsotse ruwan wuya.

8. Ina ruwan zai tafi?

Nan ne maganar ta fita daga hannun mai gida ta shiga hannun hukuma, gama abin da ya shiga ƙasa ba ya sanin iyakar katanga.

Salga busasshen rami ce. An haƙa ta ne domin ƙazanta kaɗai da ɗan ruwan tsarki, don haka ta kan yi shekaru ba ta cika ba. In aka juya mata ruwan tanki, sai ta cika cikin 'yan watanni. A ƙasa mai rairayi irin tamu, bangon ramin da ba a gina ba ya kan zabge in ya jiƙe, ya ja abin da ke kusa da shi. Masai na zama rami biyu ya ke bukata. Na farko ginanne, shafaffe da siminti, inda ƙazanta ta ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu sokawe, inda ruwan da ya tace ya ke tsiyayewa cikin ƙasa. A yi su inda motar kwasa za ta iya isa da tiyonta. Wannan abin lura ne ƙwarai a lungunan cikin birni.

Masana kiwon lafiya sun ba da shawara a bar mita 30, watau kamar ƙafa 100, tsakanin rami da rijiya, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tsayi da kamar mita 2. Ruwan ƙasa da damina a ke aunawa, sa'ad da rijiyoyi su ka taso, ba da bazara ba. Mun san a gidajen gado na cikin ganuwa ƙafa 100 wuya gare ta. Inda ba ta samu ba, a nisanta iyakar iyawa, a sa ramin ta gangare da rijiya ba ta tudu ba, a zaɓi masai mai cin ruwa kaɗan, a gina bakin rijiya a rufe, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa magani. In wuri ya ƙure sarai, a nemi shawarar duba-gari kafin a sa diga.

Ba sabon abu ba ne. A 1854 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi gida gida yana ƙirga mamata, ya gane yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya su ke sha. Da aka tone daga baya, sai aka tarar da tsohon ramin ƙazanta kamar ƙafa 3 daga rijiyar, yana yoyo a cikinta. A ƙasarmu kuwa, a 2021 cutar nan ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina tana cikin inda ta taɓa. Atuni da zazzaɓin taifot su ma ta wannan hanya su ke bi. Zura bututun masai cikin kwata ko lambatun titi kuwa laifi ne, gama ruwan nan ƙofar maƙwabta zai bi, yara su taka, ya ƙare a kududdufi.

9. Ruwan kora

Masai na zama ba ya aiki sai da ruwa, ruwan famfon birni kuwa, wanda madatsar Ajiwa ta daɗe tana bayarwa, ba kowane lungu ya ke isa kullum ba. Tsohon tanki ya kan zubar da lita 9 a kora ɗaya, sabo kamar lita 6, na tsuguno kuwa lita 2 ko 3 na buta sun isa. A ce gida mai mutum 10, kowa ya shiga sau 4 a yini. Kora 40 ke nan. Da tanki mai lita 6, lita 240 ne, kusan jarka 10 mai lita 25, kullum ta Allah. Da buta mai lita 2, lita 80 ne, jarka 3 da 'yan kai. Mai gida ya tambayi ɗan ga-ruwa kuɗin jarka, ya ninka da kwana 30, ya ga ko aljihunsa zai ɗauka. Masai na zama da ba ruwa ya fi salga ƙazanta nesa ba kusa ba. Gida da yawa abin da ya fi musu shi ne na zama guda ɗaya domin tsoho, sauran jama'a su ci gaba da na tsuguno.

A kuma gargaɗi mutanen gida tun ranar farko. Abin da salga ta ke haɗiyewa, kamar hoge da totuwa da tsumma da leda da ƙunzugun yara, wuya ba ya haɗiyewa.

10. Gwaji kafin a rufe

Kafin a sa siminti, a ajiye kasko a gurbinsa haka nan, a ga bakinsa ya shiga mahaɗi ba tare da an tilasta shi ba, tanki ya kusa bango, ƙyaure ya buɗe. A ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ga bai karkace ba. Sa'an nan a kwara bokiti biyu ko uku, mutum ɗaya ya tsaya a akwatin dubawa ya ga ruwan ya iso da ƙarfi, wani kuma ya bi bututu yana shafa mahaɗai da busasshen hannu. Sai an ga ba yoyo za a mai da ƙasa. Kaskon zama da kusoshi a ke kafa shi. In aka cika cikinsa da siminti mai ƙarfi ya kan tsage, ba kuma ya ciruwa ran gyara sai an farfasa shi. Kada a biya ƙarshen kuɗin aiki sai an yi wannan gwaji a gaban mai gida.

Tsohon ramin da aka bari a cika shi da ƙasa a daddage. Kada a tura yaro ko lebura cikin rami, kada kuma a leƙa da ashana ko fitilar wuta. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, tana kuma kamawa da wuta.

11. Abin da a ke roƙon Hakimai da Malamai

Tun zamanin En'e duba-gari su ke shiga gida gida, Hakimai suna mara musu baya. En'e ta wuce a 1976, aikin ya koma hannun ƙananan hukumomi, amma har yanzu maganar Hakimi ita ta ke isa zaure tun takardar ofis ba ta iso ba. Sabo da haka a ke roƙo a tara Dagatai da Masu Unguwa, a karanta musu wannan darasi, su kuma su isar wa magina da masu gyaran famfo na unguwanninsu. Wanda zai haƙa sabon rami ya sanar da Mai Unguwa da maƙwabcin da su ka haɗa katanga. Ɗan haya kada ya fasa daɓe sai da iznin mai gida.

In ƙara ta zo, Malamin Hakimi ya rubuta amsar waɗannan tambayoyi kafin a saurari kowa:

1. Wane irin masai ne da, wane iri aka sa yanzu, a wane wata?
2. Bututu ta ƙasa ya fita ko ta bango, inci nawa ne faɗinsa?
3. Ina ya zuba: tsohuwar salga, sabon rami, ko kwata?
4. Taku nawa ne daga rami zuwa rijiya mafi kusa, ta gidan ko ta maƙwabci?
5. Taku nawa ne daga rami zuwa katanga, ta ƙasa ce ko ta bulo?
6. An sanar da maƙwabci kafin a fara?
7. Akwai wanda ya yi amai da gudawa a gidajen biyu?

In amsar ta bakwai i ce, kada a jira ranar zama. A kai maras lafiya asibiti, a hana shan ruwan rijiyar, a aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar. Sauran amsoshin su za su nuna inda laifi ya ke ba tare da doguwar jayayya ba, duba-gari kuma in ya zo zai tarar an share masa hanya.